Kwalliyar da Ta Narke a Hanyar Buza

Shekaru sun ja, furfura ta cika mini kai, har sunayen wasu daga cikin yaran da na koyar a lakwal, wato makarantar boko, sai an tuna mini. Amma ranar da na raka Yayata kasuwar Buza a ɗauke ta hoto, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Abin da ya sake tayar mini da ita kwanan nan kuwa ƴar autata ce, wadda ke koyon kwalliyar amare. Ta zaunar da ni tana yi mini karatu, wai hodar da ake shafawa a fatar ido ba ta daɗewa sai an fara shafa wani abu a ƙasa, a bar shi ya bushe, sannan a ɗora launi a kai. Ta nuna mini abin cikin wata ƴar kwalba, tana ta yabon masu yinsa da dabara. Na ce mata Kakata ta san wannan tun ba a haife ni ba. Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce irin tawa. Ni kuwa ranar ko abincin kirki ban ci ba.

A Tama aka haife mu, mu biyu mata a ɗakin innarmu. Yaya ta girme ni da shekara biyar. Ba fara ba ce, ba kuma doguwa ba, amma Allah ya ba ta ido. Manya ne, farinsu tas, baƙinsu wuluk, ga gashin ido zara-zara. In ta ɗaga kai ta dube ka, sai ka manta abin da ka zo faɗa. Har matan da ba sa shiri da gidanmu sun yarda cewa a unguwarmu babu mai idon Yaya. Ita ba ta yi lakwal ba, ni ce rabo ya faɗa wa. Na gama ta garinmu, aka tura ni kolej a Madawa, na sauka a gidan wani mushe, wato malamin makaranta, da ya san babanmu. To daga nan ne kaina ya fara kumbura. In na zo hutu, sai in riƙa jefa Faransanci cikin magana ko da akuya nake yi, ina tafiya ina yatsina kamar ƙasar garinmu za ta ɓata mini ƙafa.

Matar mushen nan ce ta ba ni wani ɗan akwatin hodar ido da ta gaji da shi. Launi huɗu ne a ciki: shuɗi, kore, ruwan ƙasa da wani mai ƙyalli. Da can akwai madubi a jikin murfinsa, amma ya ɓalle ya fashe, shi ya sa ma ta bar mini. Na riƙe akwatin nan kamar gadon uwa. Ban taɓa tambayarta yadda ake shafawa ba, don kada ta ce ni baƙauya ce. Daga nesa kawai nake leƙenta in tana shiri, na ga idonta na sheƙi, sai na yanke wa kaina hukunci cewa man shafawa ake fara sawa, wanda muke kira fomad. Iyakar ilimina ke nan, kuma da shi na dawo gida a hutun bazara na wata shekara cikin shekarun tamanin, shekarar da damina ta yi mana gardama, rumbuna suka zauna rabi-rabi.

A gidanmu kuwa akwai gwanar kwalliya ta gaske, wato Kaka, uwar innarmu. Duk yarinyar da za ta fita wasan salla ko buki a unguwarmu, sai ta biyo ta hannunta. Tana da wani abu da take kira shimfiɗa. Farar ƙasa take samu, ta niƙa ta lilis, ta tace da ƙyalle har sau uku. Ta jiƙa ɗan ƙaron dakwara tun jiya, ta ɗiga ruwansa a kai, ta dama a ɗan kasko. Sai ta wanke wa yarinya fuska, ta goge fatar idon har babu sauran maiƙo, ta ɗauki gashin kaza ta shafa abin nan siriri, yadda ba ka ma ganinsa. Ta ce ki rufe ido, ta yi ta yi miki fifita da faifai har ya bushe. Bayan nan ne take ɗauko tandun kwalli. Kwallin da Kaka ta ɗora a kan shimfiɗa, yarinya za ta yini tana rawa cikin rana, gumi na zuba, ta dawo gida da yamma yana nan inda aka sa shi. Ni ma an yi mini ina ƙarama, na kuma san yana aiki. Kawai dai na je Madawa ne na dawo.

Mijin Yaya a lokacin shekararsa uku a Abijan, ya tafi biɗa kamar yawancin mazan ƙasarmu. Ya samu aikin gardi, wato gadi, a wani wurin sayar da katako, aikin da mutane da yawa ke nema ba su samu ba. Wani dattijo mutumin Tamaske, da suke zaune unguwa ɗaya a can, shi ne ya zo ganin gida ya kawo mana kaset ɗin saƙonsa. Aka taru a tsakar gida aka kunna. Ya gai da kowa ɗaya bayan ɗaya, har jakin babansa. Can ƙarshe sai ya yi gyaran murya, ya yi ƙasa da ita, ya ce in da hali a ɗauki mai ɗakinsa hoto a aiko masa. Tsakar gida ta ɗauki shewa, Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska ta ruga ɗaki.

Washegari muna hanyar rijiya ta faɗa mini abin da ke ranta. Ta ce, "Ƙanwata, shekara ukku ba kwana ukku ba ta. Tsoro nika ji kar kamata ta ɓace mashi. Shi bai taɓa yabon komi gare ni ba in ba ido ba. So nike in ya buɗe hoton ga, ya ishe su yadda yab bar su." Ban taɓa jin Yaya ta yi maganar mijinta haka a fili ba, domin mace ce mai kunya ƙwarai. Nan take na bugi ƙirji na ce ta bar komai a hannuna, zan yi mata kwalliyar da ko matan Abijan sai sun tambayi wadda ta yi.

Dama ɗaya ce tak. Mai hoto daga Madawa yake zuwa Buza ranar kasuwa, ya ɗauka, ya koma da su can ya wanke. Dattijon Tamaske kuma ta Madawa zai bi ya shiga motar kudu bayan kwana uku. Aka shirya cewa shi zai karɓi hoton a wurin mai hoto ya wuce da shi. Ma'ana, babu wanda zai gan shi a gidanmu, daga hannun mai wankewa sai hannun mai shi.

Ranar kasuwa da sassafe na fito na tarar Kaka ta riga ni. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinta, ga kasko, ga gashin kaza, ga tandun kwalli, Yaya na zaune gabanta ta sha kitso sabo. Na zo da akwatina da kwalbar fomad na tsuguna, na ce, "Kaka, yau kam ki huta. Wanga hoto birni za shi, ba wasan tashe na ba." Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta ce, "Mi ag ga cikin wagga?" Na ce mai ne, shi ake fara sawa don ido ya yi ƙyalli. Ta girgiza kai ta ce, "Ɗiyal lakwal, kwalli ba shi zama bisa mai. Yanzu da sanyin sahiya shi yi maki kyau, amma ku da Buza akwai rana tsakani." Na ce ai wannan ba kwalli ba ne, hoda ce ta Turawa, ita ba ruwanta da rana.

Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne, tsohuwar nan ba ta yi fushi ba, har hanya ta ba ni. Ta ce, "To ji nan. Bari in yi mata shimhiɗata, ta bushe, ke ki aza launinki bisa. Kowa ya sa hannu ke nan." Da na yarda da wannan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma maƙwabta biyu sun shigo suna kallo, ni kuma na ga kamar in na bar farar ƙasa ta taɓa hodata, karatuna ne ya faɗi. Na kwashe da dariya na ce, "Haba Kaka, ƙasa? Huskar Yaya bango ta da za a yi ma yaɓe?" Matan suka yi dariya. Kaka ta juya ga Yaya ta ce, "Ke mi kinka ce?" Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Kaka, ki yi haƙuri, tunda birni za shi, bari ta gwada." Kaka ta miƙe. Ta ɗauki kaskonta ta kifa masa faifai, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Na lakato fomad na mulke fatar idon Yaya da shi, na ɗora shuɗi, na bi da mai ƙyallin nan har gindin gira, na ja mata kwalli mai kauri sama da ƙasa. Gaskiya a wannan sa'ar abin ya yi kyau. Aka kawo madubin innarmu ta duba, ta yi murmushi, matan suka yi guɗa, ɗaya ta ce lalle karatu bai faɗi ƙasa banza ba. Na ji kaina ya kusa taɓa rufin ɗaki. Aka mayar da madubi inda yake, muka fita tasha.

Motar kasuwa kamiyo ce, irin babbar motar kayan nan, a baya muka hau tare da buhunan albasa da awaki. Wanda ya san hanyoyin Adar na wancan lokaci ya san abin da nake nufi: dutse, gangara, kwari, mota na tafiya kamar ana tankaɗe. Ga shi ta tsaya a hanya sau biyu, injin ya yi zafi, muka zauna a fili babu inuwa. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuskarta don ta kare kwalliya daga ƙura, ashe dafa ta take yi a ciki. Lokaci-lokaci ina ganin hannunta na shiga ƙarƙashin mayafin tana share gumi. Ba mu shiga Buza ba sai da rana ta take tsaka. Matan garinmu suka watse cikin kasuwa, kowa da abin da ya kawo ta, muka rage mu biyu.

Mai hoto ya kafa wani ƙyalle mai zanen bene da itatuwa a jikin bangon wata rumfa, mutane sun yi layi. Da ya rage saura mutum biyu a gabanmu, Yaya ta yaye mayafi ta juyo gare ni. Na dube ta. Man ya narke, hodar ta tattaru a lanƙwasar fatar ido ta zama layi-layi, kwallin ya gangaro ƙasa ya haɗu da shuɗin, inda ta share gumi kuma ya shafe har kan kunci. Idon nan da ake magana ya nutse a tsakiyar wasu baƙaƙen ramuka biyu, sai ka ce wadda ta yi wata guda tana jinya. Ta ce, "Diba mani, ƙanwata. Ƙaƙa shike? Yana nan?"

Ina so mai karatu ya san cewa ina da lokaci. Ga mai sayar da ruwa a tulu taku kaɗan daga inda muke. Ga gefen mayafina. Da na ce mata ya ɓaci, in wanke shi gaba ɗaya, ta tsaya da idonta yadda Allah ya yi shi, da ya wadatar, don wannan ido bai taɓa bukatar akwatina ba. Amma abin da ya zo mini a rai ba mijinta ba ne, ba ita ba ce. Kaka ce ta zo mini, da kaskonta, da yadda za a yi ta ba da labari a rijiya cewa kwalliyar ƴar lakwal ko Buza ba ta kai ba. Na ce, "Yana nan daidai, Yaya. Kin yi kyau."

Da layi ya zo kanta, mai hoto ya dube ta ya yi turus. Ya juyo gare ni, da yake ya ga alamar ƴar makaranta ce, ya ce, "Haka za a ɗauka?" Sai na amsa masa da Faransanci, don kada Yaya ta ji, na ce haka ake yayi yanzu, ya yi aikinsa kawai. Ya ɗaga kafaɗa. Yaya ta tambaye ni me muka ce, na ce cewa ya yi ta ɗaga kai. Ta ɗaga kai, ta buɗe idon nan sosai, ta ɗan yi murmushi irin na wadda ke kallon mutumin da ta yi kewa. Abin ya yi ƙyas, shi ke nan. Karatun da iyayena suka tura ni in yi don in zama idon gidanmu, ranar da na fara amfani da shi a kan wani abu na gaske, rufe wa ƴar'uwata ido na yi da shi.

Muna barin wurin na ja ta gun mai ruwa, na ce zafi ya yi yawa, bari in wanke mata fuska ta sha iska tunda an gama. Na jiƙa gefen mayafina na goge komai tas, kafin wata ƴar garinmu ta gan ta. Ko minti biyu abin bai ɗauke ni ba. Ta buɗe ido, ruwa na ɗiga daga gashinsa, ta yi kyau fiye da yadda ta yi da safe. Har ta saya mini rake don ta gode mini, na sha, yana yi mini ɗaci a baki. Da muka koma gida Kaka ta tambaya ko kwalliya ta kai, Yaya ta ce ta kai lafiya lau. Kaka ta dube ni ta ce madalla. Da hutu ya ƙare na koma Madawa, kullum ina wuce shagon mai hoton nan a hanyar kolej, ban taɓa samun ƙarfin halin leƙawa ba. Na riƙa lallashin kaina cewa hoto baƙi da fari ne, wataƙila ba zai nuna ba.

Ashe baƙi da farin ne ya ƙarasa ɓata shi. Ina gida a babban hutu, ana jiran ruwan shuka, wata ranar da hantsi muna sussuka a tsakar gida ni da Yaya, da yake ta zo taya innarmu aiki, sai ga mutum ya faɗo ko sallamar kirki babu, jaka a kafaɗa, ƙura har gira. Mijin Yaya ne. Yana haki yana cewa, "Ina take? Tana da rai? Ku hwaɗa mani gaskiya!" Yaya ta saki taɓarya. Ya tsaya yana kallonta daga sama har ƙasa, ga ta nan garau, hannu duk ƙaiƙayi. Sai ya zauna a kan turmin da ke kife.

Da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, ya ciro hoton daga aljihun gaba. Ya ce dama suna ta jin labarin yunwa a ƙasarmu ta rediyo, sai ga wannan. Ya nuna wa ƴan garinmu da ke can, kowa ya ce matar nan ba ta da lafiya, ɓoye maka ake yi. Ya nemi mai wurin katako ya ba shi izinin wata ɗaya, ya ce in ya tafi kada ya dawo. Ya ajiye masa makullansa ya kamo hanya. Hoton ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, maƙwabta sun cika gida. Wasu na salati, wasu na danne dariya. Wata tsohuwa ta ce dama ita ta sha faɗa, na'urar nan jinin mutum take tsotsa. Wani ya ce mai hoton ne bai iya wanki ba. Da ya iso hannun Yaya, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ashe haka nike?" Sannan ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ƙanwata, ke da kina wurin, haka kinka gane ni?" Na ce, "A'a wallahi, Yaya, lahiya lau kike. Aikin mai hoto na." Na rantse da Allah a kan ƙarya, a gaban innarmu.

Kaka ta bari har taro ya watse. Da la'asar ta kira ni ɗakinta, wai in tsince mata wake. Muna cikin tsinta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mai na yan narke. Na gani, ke ma kin gani tun can." Na ci gaba da tsintar wake. Ta ce, "Ban kira ki don kaskona ba, ƙasa ta, ba ta jin haushi. Amma yarinyar ga ta ɗauka huskarta ta ka yin haka cikin hoto. Tashi ki hwaɗa mata." Na ce to, zan faɗa. Na ce gobe, gobe ta zama jibi, hutu ya ƙare. Bayan shekara biyu Kaka ta rasu, ban faɗa ba, ban kuma taɓa zama na ce ta nuna mini yadda ake auna ƙaro da farar ƙasar nan ba. Na gwada daga baya sau da yawa, ko ya yi kauri ya tsattsage, ko ya yi ruwa.

Mijin Yaya bai sake samun aiki irin wancan ba. Ya koma kudu sau biyu yana ƴan dako, daga baya ya haƙura ya zauna noma da lambu. Bai taɓa zargina ba, har ya rasu yana tsokanata da ƴar lakwal. Ya so a sake ɗaukar wani hoton, ya roƙe ta ba sau ɗaya ba, Yaya ta ce ita da tsayawa gaban abin nan har abada, tunda ya mai da ita abin dariya a gari biyu. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta canza mata ra'ayi, na riƙe ta. Sai kuma ciwon ido na amodari ya kama ta bayan haihuwarta ta uku. Gashin idon nan da ake yabo ya juya ciki yana sukar ta, farin ya yi ja, baƙin ya yi hazo. Kafin a kai ta inda za a yi mata aiki, gani ya riga ya tafi, sai ɗan haske da take bambanta rana da inuwa da shi.

Shekaru da yawa bayan haka na je Tama gaisuwa, na tarar da ƴarta ta fari, wadda ta zama budurwa, tana gyara akwatin babanta. Ta ciro hoton nan, ya yi ja-ja, gefensa ya cinye. Ta kawo mini ta ce, "Inna ƙarama, wai gaskiya ta innata ta hi kowa ido a unguwar ga? Kowa haka shika cewa, amma ni ban gani ba. Nan ma ba su hito ba." Yaya na zaune a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na karɓi hoton na dube shi, karo na biyu ke nan a rayuwata. Duk duniya shi kaɗai ne shaidar idon Yayata, kuma abin da ke cikinsa aikin hannuna ne.

Na je na durƙusa gabanta, ni da nake da aure da ƴaƴa, ana kirana madam a lakwal. Na faɗa mata komai, tun daga fomad har Faransancin da na yi wa mai hoto, har wankin fuskar da ta saya mini rake a kansa. Ina magana ina kuka. Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba sai da na gama. Sannan ta ce, "Na daɗe da sani. Tun randa kinka wanke mani huska na ga baƙi ga mayahinki, na ce wanga ya yi yawa. Da hoto yaz zo sai na tuna." Na ce to me ya sa ba ta taɓa yi mini magana ba, me ya sa kuma ta ƙi a sake ɗauka. Ta ce, "In an sake yah hito da kyau, kowa ya gane ba mai hoto na ba. Ke kuwa ƙarama ta, kina karatu, gari duka na kallonki." Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Abu guda dai yac ci mani rai. Ba mu tahi da madubi ba ranan nan. Ke ta madubina."

Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, na kuma san da gaske take. Amma yafiya ba ta wanke hoto, ƴaƴanta da jikokinta har yau labarin idonta kawai suke ji. Abin da na koya, na kuma biya shi da tsada, shi ne duk wanda ya juyo ya ce maka "duba mini," ya ba ka amanar abin da shi ba ya iya gani, to ka faɗa masa gaskiya a lokacin da ruwa da gefen mayafi za su iya gyarawa, ko da gaskiyar kai za ta kunyata. Na kuma koyi cewa in tsohuwa ta ce bari ta yi shimfiɗa ka ɗora naka a kai, ba gasa take yi da kai ba. Da na gama ba ƴar autata wannan labari, ta daɗe tana juya ƴar kwalbarta a hannu, sannan ta tambaye ni wane irin ƙaro ne, kuma ɗigo nawa ake sawa. Na ce mata ban sani ba, ban tambaya ba.